Direbanmu ya dawo daga daji, amma kamar ba shi ba

Assalamu alaikum Hajiya, barka da ƙoƙari. Ni manaja ne a wani kamfanin rarraba kayan masarufi da ke Sharaɗa, mu 23 ne har da direbobi da 'yan lodi da masu sito. Wata 4 da suka wuce 'yan bindiga suka tare motarmu tsakanin Funtuwa da Tsafe, suka kora direbanmu da yaron motarsa cikin daji. Ni na riƙa amsa wayarsu har kwana 19, har yau in baƙuwar lamba ta kira ni sai gabana ya faɗi. Direban ya dawo bayan an biya kuɗin fansa. Yaron kuwa a can ya rasu. Wannan direba shekararsa 12 tare da mu, ya girme ni, ban taɓa jin an kawo ƙararsa ba. Sati 2 da dawowarsa ya koma bakin aiki, amma kamar an sauya shi. Kullum a makare, ido jawur, magana kaɗan sai faɗa. Ya ce ba zai ƙara bin hanyar Gusau ba ko za a yanka shi. Yaran lodi sun gano cewa in aka buga ƙofar sito da ƙarfi yana zabura, sai suka mai da abin wasa, har suna ce masa ɗan daji. Duk baƙon da ya zo sai an kira shi ya ba da labari. Sauran direbobi ma sun fara noƙewa, biyu sun ajiye aiki. Maigidanmu ya ce raki ne da ƙarancin tawakkali, tunda an yi ruƙiyya an yi sadaka, kuma yana so a riƙa cire wani abu daga albashinsa a rage kuɗin fansar. Ya ba ni zuwa ƙarshen wata, ko ya gyara ko in sallame shi. Na ba shi takardar gargaɗi sau ɗaya, ya karɓa bai ce uffan ba, ni kuwa ban runtsa ba a daren. Hajiya, yaya zan yi?

Daga wani manaja, Sharaɗa.

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah Ya ji ƙan yaron nan, Ya ba iyayensa dangana. Ku kuma sannunku da wannan jarrabawa.

Kada ka sallame shi. Na sa wannan a gaba ne don ƙarshen wata ya matso. Takardar gargaɗin ma ka janye ta, ka gaya masa da bakinka cewa ka janye. Sauran maganar tana da ɗan tsawo, saboda abin da ka kawo ya wuce matsalar mutum ɗaya. Gidan naku ne gaba ɗaya ya ji ciwo, a jikin direban dai ya fi nunawa.

A can cikin ƙwaƙwalwar kowannenmu akwai wani ɗan sashe da bai wuce girman gyaɗa ba, likitoci na ce masa amigdala. Aikinsa irin na maigadinku ne. Da ya ji motsin da bai yarda da shi ba sai ya busa usur, tun kafin masu gida su farka su tambayi ko lafiya. Yana busawa jiki zai saki sinadarai irin su adirenalin, zuciya ta hau dukan uku-uku, numfashi ya ƙaru, mutum ya shirya gudu ko faɗa, ko kuma ya sandare wuri guda. Rahama ce, da ita ake tsira daga haɗari. To kwana 19 maigadin da ke kan direbanku yana tsaye bai zauna ba, ga bakin bindiga, ga yaron da suke cin tuwo kwano ɗaya ya rasu a can. An dawo da mutumin gida, amma maigadin bai sami labarin an tashi ba. Shi ya sa ƙarar ƙofar sito ke zame masa harbi. Kafin hankalinsa ya ce masa ai ƙofa ce, jikinsa ya riga ya koma daji. Kakanninmu sun san haka tun da daɗewa, da suka ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Ka sake duba abubuwan da ka lissafa da wannan idon. Jan ido da makara, alamar mutumin da barci ba ya ɗaukarsa sai gab da asuba ne, ko wanda mafarki ke tayarwa cikin gumi. Saurin faɗa na wanda yake a ɗarare dare da rana ne. Ƙin hanyar Gusau kuwa, jiki ne ke gudun wurin da ya ga mutuwa. Yawancin mutane in suka shiga tashin hankali irin wannan, abin kan lafa musu a hankali cikin 'yan makonni. Idan ya wuce wata guda yana nan daram, har yana hana mutum aiki da zaman gida, likitoci na duba yiwuwar ciwon da suke kira PTSD a taƙaice, wato damuwar da ke biyo bayan mummunan firgici. Tun 1980 aka sa shi a jerin cututtukan da likitocin ƙwaƙwalwa suka sani, bayan abin da aka gani a jikin sojojin Amurka da suka dawo daga yaƙin Biyetnam. Likita ne zai tabbatar ko shi ne, bayan ya zauna da shi. Abin da nake so ka riƙe shi ne, ana warkewa.

Zan ba ka wani labari da har yau yake ci mini rai. Ranar Juma'a 20 ga Janairun 2012, da yamma, lokacin da bama-bamai suka tashi a Kano aka rasa mutum sama da 180, ina aiki a wani ofis da ba shi da nisa da Bompai. Masinjanmu yana kan hanya, an aike shi. A cikin lambatu ya kwanta har dare, yana jin harsashi na wucewa ta samansa. Da aka sassauta dokar hana fita muka koma aiki, kowa ya yi masa barka da arziki, shi ke nan aka wuce wurin. Wata rana da hantsi ya shigo da tiren shayi, sai janareta ya yi wata irin tusa a bayan taga. Tiren ya tafi ƙasa, kofuna suka tarwatse, shayin ya malale har ƙarƙashin kabad. Muka duba ba mu gan shi ba. Ashe yana ƙarƙashin teburina, ya dunƙule, hannuwansa biyu a ka, leɓensa na rawa yana salati. Muka yi dariya. Ni ma na yi. Ya fito yana kakkaɓe gwiwar wandonsa, yana murmushin da bai kai ido ba, ya durƙusa yana tsince fasassun kofunan da hannu. Ƙarshen wata aka cire kuɗin kofunan daga albashinsa. Bai cika wata biyu ba ya daina zuwa, muka ce ai dama ya cika tsoro. Ban san sunan abin da ke damunsa ba a lokacin, amma na san dariyar nan ba daidai ba ce tun kafin ta gama fita daga bakina. Da na karanta zancen ƙofar sitonku, shi na gani.

Hausa na da kalmar da ta dace da wannan: fami. Miki yana ƙoƙarin haɗewa, sai a bige shi, ya dawo ɗanye. A wasiƙarka na ƙirga fami huɗu da ake yi wa mutumin nan, kuma duk a hannunka maganinsu yake ko kusa da hannunka.

Buga ƙofar nan ya tsaya daga gobe, haka sunan ɗan daji. Ka tara yaran lodi ba a gabansa ba, ka faɗa musu a fili cewa duk wanda ya sake, hukunci zai hau kansa. Amma kada ka ci musu mutunci. Wanda ya rasu abokinsu ne, tare suke cin ɗanwake da safe, kuma kowannensu ya san da shi aka tura a motar ran nan da yanzu wani zancen ake. Yaro in tsoro ya cika masa ciki bai san inda zai kai shi ba, sau da yawa da shaƙiyanci yake fitar da shi. Ka gaya musu abin da ƙarar ke yi wa jikin dattijon, ka tambaye su ko za su so a yi wa mahaifinsu haka. Sannan ka sa a yanko tsohuwar taya a ɗaura a bakin ƙofar, don ko iska ce ta buga ta kada ta yi ƙara.

Kiran sa ya ba baƙi labari shi ma ya tsaya. Na san ba da mugunta ake yi ba, jaje ne da son jin ƙwaƙwaf irin namu. Amma duk lokacin da aka sa shi maimaitawa a gaban mutane, ana mayar da shi dajin ne ba tare da an tanadi mai dawo da shi ba. Ko ƙwararru sun bar tsohuwar al'adar tara waɗanda bala'i ya shafa a sa su amayar da duk abin da suka gani a zama ɗaya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a yi hakan, don bincike bai nuna yana hana ciwon ba. Abin da ta koyar a jagorar taimakon farko da ta fitar a 2011 abu uku ne: ka duba halin da mutum ke ciki, ka saurare shi in ya so magana, ka haɗa shi da taimakon da yake buƙata. Labarinsa nasa ne. In baƙo ya tambaya, kai ka amsa: ya dawo lafiya, mun gode Allah, a sa shi a addu'a.

Na uku ita ce takardar gargaɗin, na huɗu kuma zancen cire kuɗin fansa, zan dawo kansa.

Maganar ƙarancin tawakkali ita ta fi yi mini zafi, don ita ce ke rufe bakin mutanenmu su yi ta ƙunshe ciwo har ya kai su ƙasa. Annabi Yaƙubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, shi ne ya ce haƙuri mai kyau, kuma shi ne idanunsa suka yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da ɗansa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Ka kuma tuna yadda Nana Khadija ta yi ranar da ya dawo daga kogon Hira zuciyarsa na bugawa yana cewa a lulluɓe shi. An lulluɓe shi har ya natsu, sannan ya ba ta labari, sannan ta ƙarfafa shi da ambaton kyawawan halayensa, sannan ta kai shi wurin Waraƙa, wanda ke da ilimin abin. Ka dubi jerin nan da kyau, natsuwa ce farko, magana ta biyo baya, sai kai mutum wurin masani. Ruƙiyya da sadaka alheri ne, a ci gaba. Amma wanda ya karye a ƙafa muna yi masa addu'a ne muna kuma ɗaukarsa zuwa asibitin ƙashi na Dala, ba wanda ke cewa imaninsa ne ya yi rauni.

Yanzu zaman da za ka yi da shi. Kada ka aika a ce manaja na kira, don daga jin haka zai ɗauka sallama ce, ya iso a tsorace ko a fusace. Ka same shi da kanka bayan sallar azahar, ka ce masa, Malam, ina so mu zauna gobe, alheri ne, aikinka na nan. Ku zauna inda ba kowa, a bar ƙofa a buɗe, ka bar shi ya zaɓi wurin zamansa, za ka ga ya zauna inda yake ganin ƙofa. Tunda ya girme ka, kai za ka fara sauke kai. Ka ce takardar nan kuskurena ce, na janye ta, ka yafe ni. Ka ce ba sai ka ba ni labarin daji ba, abin da nake so in sani shi ne wane aiki kake jin za ka iya yanzu, wanne ne kuma yake yi maka nauyi. Sai ka yi shiru. Shirun zai yi tsawo, kada ka cike shi da wa'azi. In ya kawo zancen yaron, ka sani nan ne ƙullin yake, don wanda ya tsira ya bar wani a baya yakan ɗora wa kansa laifin da ba nasa ba. Kada ka yi saurin rufe masa baki da ƙaddara ce, ya san ƙaddara ce. Ka bari ya gama, sannan ka ce masa, Malam, ba kai ka riƙe bindigar ba.

Ka lura na ce ka tambaye shi, ban ce ka yanke masa ba. Mutumin da aka tsare a daji, abin da aka fara ƙwace masa shi ne zaɓi: sai an ce ya ci zai ci, sai an ce ya tashi zai tashi, ko fitsari sai da izini. Duk lokacin da ka ba shi zaɓi, ko ƙarami ne, kana mayar masa da wani abu da aka ƙwace. Ka shimfiɗa masa abin da zai yiwu. Kai kaya cikin gari da rana, Singa, Sabon Gari, Dawanau, 'Yankaba. Ko kula da gyaran motoci wurin makanikai, tunda shekara 12 ta sa ya san kukan kowace mota. Ko ya riƙa farawa ƙarfe 10 na ɗan lokaci har barcinsa ya daidaita. Abin da kuka amince ku rubuta, da ranar da za ku sake dubawa, kamar duk sati biyu, kuma in ka ce ranar Laraba to ta zama Laraba. Jikin da ya firgita ba abin da ke kwantar da shi kamar ya san abin da gobe za ta zo da shi. Ban ba ka shawarar a tura shi gida ya zauna haka kawai ba, zaman kaɗaici da tunani yakan ƙara dagula abin. Doguwar hanya kuwa a ɗauke masa ita yanzu, ko ba don komai ba, direban da bai yi barci ba haɗari ne ga kansa da duk wanda ke kan titi. Ranar komawarsa hanyar Gusau, in ma zai koma, shi da likitansa ne za su tsara ta mataki-mataki.

Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen likitocin ƙwaƙwalwa, ga kuma asibitin Dawanau. Ka san yadda sunan Dawanau yake a kunnen Bakano, don haka ka iya bakinka, kada ya ji kamar ka ce ya haukace. Ce masa za ka yi akwai likitocin da suka san maganin rashin barci da firgita irin ta wanda ya fito daga hannun 'yan bindiga, kamfani zai biya, kuma ba wanda zai ji daga bakinka. Babban maganin zama ne na mako-mako da ƙwararre, ana bin abin da ya faru a hankali cikin tsari har ƙwaƙwalwa ta ajiye shi a matsayin abin da ya wuce, wani lokaci a haɗa da ƙwayoyi in likita ya ga dama. Ka sa ido kada ya faɗa hannun kemis. Direbobi da yawa da taramol suke danne gajiya, da diyazafam suke neman barci, kuma mu a Kano mun ga abin da maganin tari mai kodin ya yi wa gidaje kafin gwamnati ta hana shi a 2018. Tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan ba wanda ya fito daga firgici irin waɗannan ƙwayoyin barci a farkon lamarin. Idan kuwa ka ji yana cewa gara ma da shi ya mutu, ko ya fara rabar da kayansa yana neman gafara kamar mai bankwana, wannan ba na jiran sati ba ne. A ranar za ka nemi iyalinsa ku kai shi asibiti, kada a bar shi shi kaɗai.

Doka ma ba ta bar ku a duhu ba. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, wato NSITF, ke gudanarwa, ta wajabta wa masu kamfani zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun diyya, kuma ta ambaci damuwar ƙwaƙwalwa da ta samo asali daga mummunan abin da ya auka wa ma'aikaci kwatsam a bakin aiki. Ba ta ware ma'aikacin wucin gadi ko ɗan koyo ba, saboda haka ka bincika haƙƙin iyalan yaron da ya rasu. Neman diyya yana da wa'adin shekara guda, kun riga kun ci wata 4, kada ka yi sanya. Dokar Ƙwadago ta ba ma'aikaci hutun rashin lafiya har kwana 12 a shekara da albashinsa in likita ya ba da shaida, ta kuma taƙaita abin da za a iya cirewa daga albashi. Sannan a Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, sabuwar kuma ta hana nuna wa mutum bambanci saboda irin wannan lalura.

To sauran gidan fa? Direbobi biyun da suka tafi, ina kyautata zaton ba hanya kaɗai ta kore su ba. Hanya dama sun san ta. Sun tsaya ne sun ga yadda aka yi da wanda ya dawo, suka ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Kullum ana ce wa ma'aikata su daure, su zama masu juriya, kamar juriya wata aba ce da mutum zai ƙirƙiro daga cikinsa shi kaɗai. Ni abin da na gani shi ne, mutum yana daurewa ne gwargwadon yadda ya tabbata in ya faɗi akwai mai ɗaga shi. A 2014 hukumar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da shaye-shaye ta Amurka ta fitar da tsarin yadda ma'aikata za ta zama mai la'akari da raunin da mutanenta ke ɗauke da shi, kuma in ka karanta ginshiƙansa ba baƙo a cikinsu: aminci, gaskiya da cika alkawari, taimakon juna tsakanin abokan aiki, yin shawara tare, ba mutum murya da zaɓi, da girmama al'adarsa. Zuciyar tsarin ita ce shugaba ya sauya tambayarsa, daga mene ne laifin wannan zuwa me ya sami wannan. Kuma ba sai ka san tarihin kowa ba. A garin da ya ga 2012, ya ga harin babban masallacin Juma'a na 28 ga Nuwamban 2014, ya ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016, ga ƙwacen waya da wuƙa a lunguna, da wuya a tara mutum 23 a ce ba mai ɗauke da tsohon miki a cikinsu. Ka tafiyar da gidan kamar ka san akwai su.

A aikace, ka zauna da direbobinka ka tambaye su, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wace hanya ce ba a bi bayan la'asar, yaushe ya kamata a jira ayari, wa za a kira in an ji ƙishin-ƙishin. Ku amince cewa direba na da ikon cewa yau ba zan bi ba in labarin hanya ya ɓaci, ba tare da an taɓa albashinsa ko an yi masa gori ba. Ku rubuta abin da kamfani ya ɗauka in Allah Ya kawo tsautsayi: wa zai kula da iyali, hutun kwana nawa, wa zai biya asibiti. Ku zaɓi dattijo ɗaya ko biyu da kowa ya yarda da riƙon sirrinsu, wataƙila mai jan ku salla ko babban mai sito, waɗanda mutum zai iya zuwa wurinsu in abu ya dame shi. Albashi ya fita ranar da aka ce. Tsawa da zagi a gaban jama'a a daina. Kuma in ba ku je gidan su yaron nan gaba ɗayanku ba tun bayan zaman makoki, ku shirya ku je da ɗan abin da ya sawwaƙa, ku gaya wa direban, in ya so ya bi ku, in bai so ba a ƙyale shi.

Saura Alhaji. Kada ka je masa da fuskar mai gyara masa kuskure. Shi ma ya yi asarar dukiya, ya kuma biya fansar da wani maigidan zai iya cewa ba ruwansa, ka fara da yaba masa wannan. Sannan ka kawo masa lissafi daga littafinku: nawa tafiyar direbobi biyun nan ta jawo muku, wata nawa ake ɗauka kafin a sami wanda za a damƙa wa kayan miliyoyi a yi barci. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun ƙiyasta cewa ciwon damuwa da fargaba na cinye ranakun aiki biliyan 12 duk shekara, asarar da ta kai kusan dala tiriliyan 1, kuma cikin shawarwarinsu har da horar da manajoji irinka su iya gane ma'aikacin da ke cikin damuwa. Amma na fi zaton abin da zai taɓa zuciyar Alhaji shi ne a tuna masa Anas ɗan Malik, da ya yi wa Manzon Allah hidima shekara 10 bai taɓa ce masa ko tir ba, da umarnin kada a ɗora wa na ƙasa abin da ya fi ƙarfinsa, in an ɗora a taya shi. In ka san bakinka ba zai isa ba, ka nemi limaminsa ko amininsa ya raka ka. Ka roƙi wata 3 a maimakon ƙarshen wata. Zancen cire kuɗin fansa kuwa, a nan ka tsaya da ƙafarka cikin ladabi. A kan aiken kamfani aka kama shi, a motar kamfani. In aka yi haka, duk ƙarshen wata sai an tuna masa cewa an yi cinikin ransa kuma har yanzu ana bin sa bashi. Idan duk da haka Alhaji ya kafe, to ka tsaya a ba shi haƙƙoƙinsa cif, da takardar shaidar kyakkyawan hali, da kuɗin asibiti, ka kuma taya shi neman wani wurin.

Akwai layi ɗaya a wasiƙarka da ka wuce shi da sauri, ni kuwa na tsaya a kansa. Ka ce in baƙuwar lamba ta kira ka gabanka faɗuwa yake. Ƙanena, kwana 19 kana ɗaga wayar mutanen nan, kana jin abin da suke so ka ji don ka gaggauta, kana cinikin ran mutum biyu, aka ba ka ɗaya. Ba ka shiga dajin ba, amma kullum sai ya shigo maka ta kunne, kuma ba wanda ya zo yi maka jaje don kowa na ganin kai manaja ne. Wanda ya tsaya a tsakiyar irin wannan yakan kwashi nasa rabon. Ina jin takardar gargaɗin nan ma gajiyarka ce ta rubuta ta, shi ya sa ta hana ka barci. Ka ba wani amintacce layin kamfani ya riƙa amsawa da dare na ɗan lokaci. Ka gaya wa maiɗakinka ko wani amininka abin da ka ji a wayoyin nan, gwargwadon yadda za ka iya. Ranar da za ka raka Malam direba asibitin Malam Aminu Kano kuma, in kun isa wurin yankar kati, ka yanki biyu.